Dogon baka na faibagilas ga mai dogon ja: wane fasali ya kamata ka haɗa?

Mafi yawan zane da awon da ake samu na haɗa dogon baka an yi su ne don mai jan inci 28. Shi ne ma'aunin da masu ƙera baka na Amurka suka tsayar, shi ne kuma ake rubutawa a jikin baka: laba kaza a inci 28. To idan kai mai dogayen hannuwa ne, janka ya kai inci 30, 31 ko 32, ka ɗauki wannan awon ka bi shi sau da ƙafa, za ka ƙare da baka mai kyan gani wanda zai cije maka a inci biyun ƙarshe, ya matse maka yatsu, ya kuma fi ƙarfin da ka nema da laba bakwai ko takwas. Gyara bayan gam ya bushe kuwa kaɗan ne. Shi ya sa tun kafin ka yanka katako ko ka sayi faiba, wato faibagilas, sai ka yanke shawara kan fasali.

Fasali huɗu ne ke gaban mai wannan aiki: miƙaƙƙen baka, mai sassaucin lanƙwasa, mai zurfin lanƙwasa, da mai kwancewa gida uku. Dukansu hanyar haɗa su ɗaya ce. Fallen faiba a baya, fallen faiba a ciki, siraran fallayen itace a tsakiya, mariƙi na katako mai ƙarfi, a shafe su da gam ɗin ifoksi, a matse a mamatsi, wato katakon da ke ba baka siffarsa, a gasa. Tun ƙarshen shekarun 1940 da farkon 1950, lokacin da kamfanin Fred Bear da wasu maƙera a Amurka suka fara ɗora faiba a kan baka, tsarin bai canza sosai ba. Siffar mamatsin ce ta bambanta su, ita ce kuma ke sa baka ya karɓi dogon ja ko ya ƙi.

Da me za a auna su

Farko ka tabbatar da tsawon jan naka. Ka samu baka mara ƙarfi, ka ja shi har inda kake tsayawa kullum, wani ya yi maka alama a jikin kibiya. Ana aunawa daga ramin gindin kibiya zuwa maƙogwaron mariƙi, wato wurin da ya fi zurfi inda hannu ke zama, a ƙara inci ɗaya da uku bisa huɗu. Kada ka dogara da awon buɗe hannuwa a bango. Mutane da yawa jansu da dogon baka ya kan gaza abin da suke ja da bakan zamani mai ƙananan tayoyi a ƙarshensa da inci ɗaya ko fiye, saboda yanayin riƙo da tsayuwa sun bambanta.

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi a wajenka, shi ne santsin ja. Baka mai lafiya yana ƙara laba 2 zuwa 3 a kowane inci. Amma yayin da kake ja, kusurwar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarshen reshe, wato hannun baka na sama ko na ƙasa, tana buɗewa, kuma da zarar ta doshi digiri 90 sai ƙarfin ya fara tsalle, inci ɗaya ya ƙara laba 4 ko 5. Wannan ita ce cijewa. Mai jan inci 27 ba ya ma isa wajen, kai kuwa nan ne kake tsayawa ka saita hari. A ɗaya ɓangaren kuma, kusurwar tsirkiya a wajen yatsunka tana tsukewa, yatsu uku su taru su matse gindin kibiya, sakin ya ƙi fita da tsabta. Tsawon baka yana maganin duka biyun, siffar da ke riƙe kusurwar ƙarshen reshe a tsuke kuwa cijewa ta fi magancewa.

Na biyu shi ne tsawon reshen da ke aiki, wato daga inda harshen mariƙi, ƙarshensa da ke sirancewa cikin reshe, ya ƙare zuwa ramin tsirkiya. Baka biyu na iya zama inci 66 dukansu, ɗaya mariƙinsa inci 16, ɗaya inci 22. Na biyun ya cinye inci 3 daga kowane reshe, ragowar kuma dole ya tanƙwaru fiye da kima kafin ya kai inci 31. A nan ƙarko yake shigowa: faiba ba ya gajiya da wuri, amma layin gam da itacen tsakiya suna jin jiki, musamman a bakin harshen mariƙi.

Sai kuɗi, da sauƙin aiki, da haɗari. Game da kuɗi, kayan baka ɗaya, faiba da fallaye da gam da katakon mariƙi, kusan farashinsu ɗaya ne a fasali ukun farko. Inda kuɗi ke tafiya shi ne mamatsi, da akwatin gashi, da bakan gwajin da za ka ɓata kafin ka dace.

Akwai kuma wata iyaka da mai gajeren ja bai san da ita ba. Fallen faiba na baka, irin su Bo-Tuff, yawanci inci 72 ake sayar da shi. Sai ka bar kusan inci ɗaya a kowane ƙarshe bayan ramin tsirkiya, ke nan baka guda ɗaya da wuya ya wuce inci 70 daga rami zuwa rami.

Lissafin ƙarfi kafin a shafa gam

Wannan ya shafi duk fasalin da ka zaɓa. Idan laba 50 kake so a inci 31, to nemi awon da zai ba da kusan laba 42 ko 43 a inci 28. Kada ka ji kamar ka rage wa kanka. Tafiyar da tsirkiya ke yi tana tura kibiya, ga mai jan inci 28 da tazarar inci 7 tsakanin tsirkiya da mariƙi kafin a ja, inci 19 ne da ɗan ɗoriya. Ga mai inci 31 ta haura 22. Wannan ƙarin na kusan kashi 15 cikin ɗari kyauta ce jikinka ya ba ka, don haka laba 45 a hannunka tana aikin da wani sai ya ja fiye da 50 zai samu.

Kauri shi ne ke juya ƙarfi, kuma ba ya yafiya. Ninka faɗin reshe yana ninka ƙarfi sau biyu, ninka kauri kuwa yana kai shi wajen sau takwas a itace zalla. A baka mai fallaye, idan jimlar kauri ta tashi daga inci 0.400 zuwa 0.420, bakan laba 50 na iya ƙaruwa da laba 5 zuwa 8. Dole ka mallaki maikromita, abin auna kauri dalla-dalla, ka auna kowane falle da kanka. Shawarata ka nufi sama kaɗan da abin da kake so. Bakan da ya yi ƙarfi ana rage shi ta hanyar tsuke faɗi da goge kusurwoyin faiba da samfefa. Wanda ya yi rauni kuwa maganinsa ɗaya, a datse ƙarshen rassa, kuma kai tsawon ne ba ka da rarar sa.

Miƙaƙƙen baka

Shi ne fasalin da ake dangantawa da Howard Hill, maharbin nan ɗan jihar Alabama da ya rayu daga 1899 zuwa 1975. Rassansa sirara ne masu kauri, mariƙinsa gajere, inci 14 zuwa 16, kuma idan an kwance tsirkiya yana nan a miƙe ko da ɗan karkata kaɗan.

Wajen sauƙi babu na biyunsa. Mamatsinsa katako ne miƙaƙƙe, wanda ko ba ka da injin zarto za ka iya shirya shi da ƙarfe mai kusurwa ko katako mai lafiya. Ana iya matse shi da robar tif da aka yayyanka a naɗe sosai, ba sai an nemi mesa da famfon iska ba. Reshe mai kauri kuma siriri ba ya murɗewa, don haka ko layin tsakiyarka ya ɗan kauce, bakan zai yafe maka. Ƙarkonsa ma haka: fallayen ba a tilasta musu wata lanƙwasa ba, gam ɗin yana zaune lafiya.

Matsalarsa da dogon ja ita ce ba shi da wata dabara ta kauce wa cijewa sai tsawo. Mai jan inci 30 yana buƙatar inci 70, kuma nan ne faiban ya ƙare. A inci 32 za ka fara jin bango. Sannan dogon reshe mai kauri yana da nauyi, idan ya koma gaba sai ya buga maka hannu, abin ya sauka a gwiwar hannu. Ana rage wannan da kibiya mai nauyi, da fallayen gora a tsakiya, da sirantar da ƙarshen rassa sosai, amma ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Shi ne kuma mafi rashin gudu a cikin huɗun. Duk da haka ina girmama shi, domin shiru ne da shi, kuma wanda ya saba da riƙonsa ba ya son wani.

Mai sassaucin lanƙwasa

A nan reshe yana fitowa daga mariƙi ya ɗan karkato wajen maharbi, sannan daga tsakiya ya juya ya nufi gaba. Idan an ɗaura tsirkiya lanƙwasar takan ɓace kusan gaba ɗaya, bakan ya yi kama da miƙaƙƙe. Amma a ja akwai bambanci. Karkatar da ke gindi tana rage wa reshe wahala, juyawar da ke sama tana sa tsirkiya ta yi tsauri tun farkon ja, tana kuma jinkirta buɗewar kusurwa. Sakamakon haka baka mai inci 66 zuwa 68 yana kai inci 31 cikin santsi, mai 68 zuwa 70 kuma yana ɗaukar 32, duk a cikin iyakar faiba mai inci 72.

Aikin yana cikin mamatsi. Sai ka manna filawud biyu ko uku har kaurinsu ya yi daidai da faɗin faiba, inci ɗaya da rabi galibi, ka yanke lanƙwasar, ka goge fuskar har ta zama babu tudu babu kwari, kuma ta yi daidai da gefe a digiri 90 tun daga wannan ƙarshe har wancan. Duk karkatar da ke fuskar mamatsi za ta koma murɗewa a jikin kowane bakan da ya fito daga cikinsa. Hanyar da ta fi ita ce a yi rabin zane ɗaya a siririn katako, a juya shi a zana ɗaya rabin, don rassan su fito iri ɗaya. Ana ɗora masa murfi a sama, a sa mesar kashe gobara a tsakani, a hura mata iska zuwa kusan laba 60 a agogon da ake auna taya da shi. Robar tif ma tana yi, sai dai mesa ta fi raba matsi daidai, musamman a gangaren mariƙi.

Wannan gangaren shi ne wajen da sabon hannu ya fi faɗuwa. Harshen mariƙi dole ya sirance a hankali har ƙarshensa ya zama kamar takarda, haske na ratsa shi. Idan ya ƙare da kauri, fallen zai yi tsalle ya bar rami cike da gam, kuma a nan bakan zai buɗe wata rana. Mai dogon ja ya fi kowa dannan wannan wuri. Ka tsaya a mariƙi mai inci 16 zuwa 18, ka haɗa komai a bushe ka hura iska ka duba da fitila kafin ka kwaɓa gam.

Kuɗinsa ya ɗara na miƙaƙƙe da kuɗin filawud, da mesa, da ƙarafan da ke riƙe murfi. Ƙarkonsa bai gaza ba idan harshen ya yi kyau. Bugun hannunsa kaɗan ne, gudunsa ya fi. A ganina, a nan ne dogon ja da sabon maƙeri suka fi haɗuwa lafiya.

Mai zurfin lanƙwasa

Wannan ɗan'uwan na sama ne da aka ƙara wa komai. Mariƙi ya matsa gaba, rassa sun karkato baya sosai, sannan sun juya gaba sosai, har ana ganin juyawar ko da tsirkiya a ɗaure. Rassan sun fi faɗi, sun fi siranta. Amfaninsa a fili yake: baka mai inci 62 ko 64 na iya ɗaukar jan inci 30 zuwa 31, ga gudu, ga laushi a hannu. Wanda ke harbi a cikin kurmi ko daga maɓoya mai ƙunci zai so shi.

Sai dai gajartar tana dawo da matsar yatsu, ko da reshen bai cije ba. Siffar ba ta da iko sosai a kan kusurwar da ke wajen yatsu, tsawon baka ne ya fi iko da ita. Kuma zanen ba ya karɓar ƙiyasi. Yawan sirancewar fallaye, ko inci 0.001 ne a kowane inci ko 0.002 ko fiye, da wurin da lanƙwasa ta juya, da tsawon mariƙi, duk sai sun dace da juna. Idan ba su dace ba za ka samu reshen da ke rawa idan an ɗaura tsirkiya, ko wanda ke kaucewa gefe a cikakken ja, kuma inci ukun nan da ka fi sauran mutane su ne ke tono wannan aibi. Masu sayar da irinsa sun ɓata da yawa kafin su tsayar da zanensu. Idan ba ka da zanen da aka riga aka gwada a inci 31, kuɗin gwaji zai ninka kuɗin bakan.

Mai kwancewa gida uku

Mariƙi daban, rassa biyu daban, a ɗaure su da bol da ƙusar saiti. Abu biyu yake ba mai dogon ja. Na farko, iyakar inci 72 ta kau, domin kowane reshe shi kaɗai ake gasawa, mariƙi mai inci 17 zuwa 19 kuma yana ƙara tsawo ba tare da ya ci reshe ba. Na biyu, idan ƙarfi bai fito yadda kake so ba, rassa kawai za ka sake. Mamatsinsa gajere ne, akwatin gashinsa ma haka. Nauyin mariƙin yana shanye bugu.

Wahalar tana wajen huda. Mazaunan rassa biyu sai kusurwarsu ta zama ɗaya, ramukan bol da ƙusa sai sun hau layi ɗaya, kuskuren da bai kai kaurin farce ba a gindi yakan zama karkata babba a ƙarshen reshe mai tsawo. Ba a yin wannan da injin huda na hannu, sai na tsaye da abin saiti. Mariƙin ma yana son ƙarfafawa da fallen faiba ko makamancinsa a tsakiya, domin ramin bol rauni ne a katako. Shi ne mafi tsada. Sannan wasu dokokin gasa ba sa karɓar sa a rukunin dogon baka, kamar yadda wasu ke sharɗanta cewa reshe ya zama lanƙwasa ɗaya idan an ɗaura tsirkiya, sharaɗin da ke fitar da mai zurfin lanƙwasa. Idan gasa ce a ranka, karanta dokar ƙungiyarka tukuna.

| Fasali | Tsawo ga jan inci 30 zuwa 32 | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin haɗawa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Miƙaƙƙe | inci 70 | mafi araha | sosai | mafi sauƙi | cijewa bayan inci 31, bugun hannu |
| Mai sassaucin lanƙwasa | inci 66 zuwa 70 | matsakaici | sosai | matsakaici | mamatsi mai karkata, harshe mai kauri |
| Mai zurfin lanƙwasa | inci 62 zuwa 66 | matsakaici, gwaji na ƙara shi | ya danganta da zane | da wuya | murɗewar reshe, matsar yatsu |
| Mai gida uku | inci 66 zuwa sama | mafi tsada | da kyau idan an ƙarfafa mariƙi | da wuya | kuskuren huda |

Abin da ba ya canzawa

Itacen tsakiya bai kai fasali muhimmanci ba, domin faiba ke ɗaukar mafi yawan aikin. Mapul mai tauri yana kama gam da kyau, gora kuma tana yi wa reshe mai kauri daɗi. Katako mai maiƙo a ajiye shi wa mariƙi, a goge shi da asiton kafin gam. Faiba mai kaurin inci 0.040 ya ishi baka mai matsakaicin ƙarfi, 0.050 na miƙaƙƙe ne da masu nauyi. Gam irin EA-40 ana shafa shi a kowace fuska biyu da za su haɗu, a gasa a akwati mai kwan fitila a zafin digiri 65 zuwa 80 na Salshiyos na wasu awoyi, gwargwadon abin da takardar kamfanin ta ce. Gam ɗin da aka gasa ya fi jure zafi daga baya, amma ko shi ba ya jure a bar baka a rufaffiyar mota cikin rana.

Ka kula da jikinka. Ƙurar faiba tana shiga huhu tana kuma soke fata, gefen faiban da aka fitar daga mamatsi kuwa yana yanka. Takunkumi mai tace ƙura, tabarau da safar hannu ba abin sakaci ba ne, ifoksi kuma idan ya saba taɓa fata yana haifar da borin jini da ba ya barin mutum. Jan farko a yi shi da igiya da kura daga nesa, a kan sikeli, inci bayan inci, har a wuce janka da inci ɗaya kafin fuskarka ta kusanci bakan. Idan tsirkiyar Dyneema, zaren da kusan ba ya miƙewa, za ka sa, sai ka ƙarfafa ƙarshen rassa da ƙarin falle mai tauri, in ba haka ba ka tsaya a Dacron, zaren da ke ɗan miƙewa.

Wanne ne naka

Idan wannan ne bakanka na farko, janka inci 30 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kayan aikinka kuma ba su da yawa, yi miƙaƙƙe mai inci 70 a laba 40 zuwa 45. Za ka koyi gam da harshe da daidaita rassa ba tare da mamatsi ya ci maka rai ba.

Idan janka inci 30 zuwa 32 ne, kana son baka ɗaya na harbin allo da farauta, kuma za ka iya ba mamatsi lokacinsa, mai sassaucin lanƙwasa a inci 68 shi ne zaɓin da zan tsaya a kansa. Kada ka gajarta shi don kyan gani.

Mai zurfin lanƙwasa na wanda ya riga ya haɗa baka biyu ko uku ne, wanda gajarta ta zame masa dole, kuma ya samu zanen da aka gwada a tsawon jansa.

Wanda janshi ya haura inci 32, ko yake yawan tafiya da baka, ko yake son rassa masu sauƙi na atisaye da masu ƙarfi na farauta a mariƙi ɗaya, mai gida uku ne hanyarsa. Shi kuma tun kafin ya fara sai ya nemi kibiyar da za ta kai, domin yawancin sandunan kibiya a inci 32 ko kusa da haka suke ƙarewa, dogon sanda kuma sai ya fi tauri kafin ya tashi daidai.